Access, PHP ko C#: yadda muka zaɓi abin da za mu rubuta manhajar wani shagon sari da shi

Cikin daminar 2023 ne, wajen sha ɗaya na safe, wani abokina da yake musu gyaran kwamfuta ya kira ni yace in zo Singa yanzu yanzu, manhajar wani shagon sari ta ƙi buɗewa ga kuma mutane a tsaye. Ko da na isa na tarar an koma rasit na hannu da kabon, mota biyu na jiran lodi, 'yan dako sun zauna kan buhunan sukari suna jira, shi kuwa akanta duk ya haɗa gumi don lissafin bashin shagon na shekara da shekaru yana cikin fayil ɗin da ya ƙi buɗewa. Shago ne na kayan masarufi, shinkafa, taliya, madara, sabulu, man gyaɗa, kwamfuta bakwai ne a ciki, huɗu a kanta, ɗaya a sito, ɗaya wajen akanta, ɗaya a ofishin Alhaji.

Abin da na samu shi ne fayil ɗin Microsoft Access guda ɗaya tal a cikin folda a kwamfutar akanta, sauran shidan duk suna buɗe shi ta wayar netwok. An ɗauke wuta, kafin janareto ya tashi suwic ɗin netwok ya mutu, a daidai lokacin wani kashiya yana tsakiyar ajiye ciniki, shikenan fayil ya lalace. Kuma ashe ba ranar aka fara ba, sun saba, in ya yi haka sai su danna gyaran nan na cikin Access ya tashi, wani lokacin da 'yan layuka da suka ɓata ba wanda ya lura sai an zo lissafi da kwastoma a yi ta gardama. Ranar dai mun samu mun ceto mafi yawa, cinikin safiyar ne ya tafi aka sake shigar da shi daga takardu.

Bari in tsaya a nan kaɗan don duk maganar a kan wannan ta ginu. In mutum bakwai suna buɗe fayil ɗin Access ɗaya, kamar ka ajiye littafin bashi ne a tsakar shago ka ba kowa biro, kowace kwamfuta da kanta take kai hannu ta yi rubutu a cikin fayil ɗin, to duk wadda aka fizge hannunta a tsakiyar rubutu ta bar shafi a yage. Tsarin sabar kuwa, littafin yana hannun magatakarda ɗaya ne, SQL Server ko PostgreSQL ko MySQL, kai dai ka faɗa masa "rubuta katan biyar wa wane", shi zai rubuta, kuma kafin ya taɓa littafin sai ya fara sa abin a ƙaramin kundinsa na gefe, in wuta ta ɗauke ya farfaɗo zai duba kundin, abin da aka kammala ya tabbatar, wanda bai kammala ba ya goge shi kamar ba a fara ba. Kwamfutocin kanta aikinsu ya zama fuska kawai, su karɓi abin da kashiya ya danna su tura, su nuna amsa. Ban da haka ma fayil ɗin Access ba ya wuce 2GB, nasu ya yi nisa sosai a hanya.

Sai matsala ta biyu, wanda ya rubuta musu manhajar tun farko ya bar gari, lambarsa ba ta shiga, kuma abin da ya bari nau'in accde ne wanda an kulle kod ɗin ciki, za ka iya kwashe bayanan amma ba ka isa ka gyara ko maɓalli ɗaya a fom ba. Lokacin ƙarancin kuɗi na farkon 2023 da kowa ya koma tiransifa da POS, manhajar ba ta da gurbin da za a nuna da me aka biya, sai suka riƙa rubuta "trf" a gefen sunan kwastoma, har mutum ɗaya ya zama mutum uku a lissafi.

Alhaji da ya kira ni ofis tambayarsa ɗaya ce, "Injiniya me za a saya abin nan ya daina?" Nace ranka ya daɗe a bani kwana biyu in zauna a kanta tukunna. Ina ganin cikin duk aikin nan wannan kwana biyun ne suka fi amfani.

Babban kashiyansu ko kallon linzami ba ya yi. Hannunsa na dama na kan lambobin gefen kibod, na hagu yana riƙe da takardar odar da kwastoma ya miƙo, ya buga harafi uku na sunan kaya, Enter, adadi, Enter, ya wuce layi na gaba, idonsa na kan takarda ba kan allo ba. Odar mai layi talatin yana gama ta kafin kwastoma ya gama ƙirga kuɗinsa, kuma yana danna maɓallin ƙarshe firintar nan ƙarama mai takarda 80mm ta fito da rasit biyu, ɗaya na kwastoma ɗaya na sito. Duk abin da zan kawo in ya sa wannan bawan Allah ya ɗaga hannu ya nemi linzami, ko ya jira daƙiƙa biyu allo ya loda, to ya lalata masa aiki komai kyansa. Na kuma duba injinan da kansu, uku daga cikin na kanta tsofaffin na hannu ne, Windows 7, RAM 2GB, kuma Alhaji ya riga ya nuna min ba yanzu zai canza su ba tunda suna aiki. Ga lissafin katan da rabin katan da dozin da ƙwaya, ga farashi kala uku gwargwadon kwastoma, na 'yan gari daban, na masu zuwa daga Maraɗi da Damagaram da suke ɗaukar mota guda daban.

Rumbun bayanan bai ɗauke mu lokaci ba. Ni a raina PostgreSQL nake so, kyauta ne ba shi da iyaka, amma na ɗauki SQL Server Express na 2019 saboda Microsoft suna da manhajar da ke kwashe teburan Access ta zuba a ciki kai tsaye, sannan masu iya taɓa shi a cikin waɗanda na sani a Kano sun fi yawa. Shi ma kyauta ne, iyakarsa 10GB, kuma da na auna yadda bayanansu ke ƙaruwa na ga za su yi shekaru masu yawa ba su kai ba. Inda aka sha muhawara shi ne fuskar, da me za a rubuta ta.

Abu na farko da na auna shi ne a bar Access ɗin a matsayin fuska, a haɗa shi da sabar ta ODBC, hanyar da manhajoji ke bi su yi magana da rumbun bayanai. Wannan hanya ce mai kyau da mutane ke rainawa, kuma ita muka bi na wucin gadi, muka kwashe teburan zuwa sabar muka sake ɗaura tsohuwar manhajar a kansu, lalacewar fayil ta tsaya daga ranar. Sai dai neman kaya ya yi nauyi don an rubuta fom ɗin ne da tunanin komai yana kusa, yana jawo layuka da yawa kafin ya tace, ga shi a kulle ba halin gyara. In sake rubutawa za a yi daga farko, to kowace kwamfuta sai an kula da bugun Access ɗin da ke kanta, kuma na sha ganin yadda bambancin bugun Office tsakanin inji da inji ke ba da wahala.

Abokina mai gyara shi VB6 ya kawo, yace ai rabin shagunan da yake zuwa da ita aka rubuta nasu kuma ba sa kuka. Gaskiyarsa ne ta wani ɓangaren, Visual Basic 6 tun 1998 take, tana da sauƙi, tana tashi a kowane tsohon inji kamar walƙiya, har Windows 11 tana ɗaukar abin da aka rubuta da ita. Amma Microsoft sun daina kula da kayan rubuta ta tun Afrilun 2008, ba a sayar da lasisinta, duk wanda ka gani da ita yanzu kusan kwafin sata ne. Kuma akwai abin da ya dame ni ni kaina, akwatunan rubutu na VB6 ba su san Unicode ba, wato tsarin da ke ɗaukar haruffan harsuna daban-daban, ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ta koma alamar tambaya, ita kanta alamar Naira ₦ haka take yi mata, shi ya sa za ka ga rasit da yawa N kawai suke sawa. Ni ban ga dalilin da zai sa in rubuta sabuwar manhaja a Kano a 2023 wadda ba ta iya rubuta Ɗambatta ba.

Delphi kuwa ina da tsohuwar soyayya da ita. Borland ne suka fitar da ita a 1995, Anders Hejlsberg ya jagoranci aikin, kuma dama don irin wannan aikin aka yi ta, ka ja tebur ka ɗora a fom ka haɗa da rumbu, ta fitar maka da fayil ɗin exe guda ɗaya da ba ya buƙatar komai, ka sa a filas ka kai. Tun bugun 2009 ta iya Unicode. A zamanin da ita da PowerBuilder da Visual Basic su ne ke rigimar wa zai mallaki wannan fagen, PowerBuilder na Powersoft ya fito a 1991 da abin nan nasa DataWindow wanda har yau ban ga abin da ya kai shi sauƙin haɗa fom da rahoto a wuri ɗaya ba. Duba kuma yadda ya yi ta yawo, Sybase suka sayi Powersoft a 1995, SAP suka sayi Sybase a 2010, a 2016 aka miƙa ci gaban aikin ga Appeon, yanzu biyan shekara shekara ake yi da dala. Delphi ita ma ta bar hannun Borland ta koma Embarcadero a 2008. Tana da bugun kyauta, amma sharaɗinsa kada abin da kake samu ya wuce dala 5,000 a shekara, sannan FireDAC ɗin da zai yi magana da SQL Server ta netwok sai a bugun Enterprise, wanda kuɗinsa dubban daloli ne. Wannan kuwa a watan Yunin da aka saki Naira ta yi iyo ne, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura ɗari bakwai cikin 'yan kwanaki, ba fuskar da zan kalli Alhaji in ce masa a sayi lasisi da dala. Na gwada Lazarus, ɗan'uwanta na kyauta, na yi fom ɗin ciniki na gwaji da shi a dare ɗaya kuma ya yi gudu sosai a tsohon injin. Abin da ya hana ni shi ne na zauna na lissafa mutanen da na sani da za su iya buɗe kod ɗin Pascal, yaren da Delphi da Lazarus ke amfani da shi, su gyara in ba na nan, ban cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma shagon nan yanzu ya fito daga hannun wanda ya tafi ya bar su da abin da ba mai iya taɓawa.

Java mun wuce ta da sauri, a inji mai 2GB tana jan ƙafa kafin ta tashi. Python daga 3.9 ba ta hawa Windows 7, Electron ma nauyinsa ya fi ƙarfin injinan.

Muhawarar gaske da ɗan Alhaji aka yi ta. Yaro ne mai ƙoƙari wallahi, yana aji uku a jami'a yana karanta kwamfuta, ya iya PHP da Laravel, kayan rubuta manhajar burauza, kuma shi a ganinsa duk wanda zai rubuta manhajar tebur a wannan zamanin ya makara. Yace a yi ta a burauza, a ɗora a intanet, Baba ya riƙa ganin ciniki a wayarsa ko yana Makka, in an gyara abu sau ɗaya kowa ya gani ba sai an bi inji bakwai da filas ba. Alhaji da ya ji maganar waya idonsa ya buɗe, kuma ban ga laifinsa ba, mutum ne da yake tafiya da yawa kuma dukiyarsa ce.

Nace masa ƙanena maganarka biyu ce a haɗe, mu raba su. Ɗorawa a intanet daban, amfani da burauza daban. Ta farko ban yarda ba ko kaɗan, shagon da mota ke jiran lodi ba zai tsaya don netwok ya yi rauni ba, sabar dole ta zauna a cikin shagon a kan wayar netwok. Ya yarda da wannan ba wuya. Ta biyun ce muka kwana biyu a kai, don burauza a kan sabar cikin gida abu ne mai yiwuwa kuma mutane na yi. Sai nace kada mu yi ta baki, kowa ya yi fom ɗin ciniki ɗaya mu kai kanta a gwada, ni na yi da yaren C# da WinForms, kayan Microsoft na yin fom ɗin manhajar tebur, shi ya yi da Laravel, duka a kan rumbu ɗaya.

Ranar gwajin bayan la'asar da kasuwa ta lafa muka zaunar da babban kashiya a tsohon injin muka ba shi tsohuwar oda. Na yaron ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba, launi da tsari kamar na banki. Amma Chrome a inji mai 2GB ya cinye rabin ƙarfin kafin a fara, kuma Chrome ɗin ya tsaya a 109 don daga farkon 2023 Google sun daina sabunta shi a Windows 7. Kashiya ya buga harafi uku ya danna Enter da saurin da ya saba, jerin kayan bai gama fitowa ba, sai adadin ya faɗa a gurbin suna. Ya danna F5 da ya saba da ita a tsohuwar manhaja, shafin gaba ɗaya ya sake lodawa oda ta tafi. Da aka zo rasit sai ga akwatin firinta na burauza ya fito yana tambaya, sai an kai hannu an danna. Duk waɗannan ana iya gyara su, na faɗa a wurin kuma ina sake faɗa, akwai yadda ake tashin Chrome ya buga ba tambaya, akwai ƙananan manhajoji irin QZ Tray da ake sawa don firinta, ana iya kama maɓallan da JavaScript, amma kowane gyara wani ƙarin abu ne da zai iya kwancewa ranar da ba ka nan. A WinForms kuwa waɗannan abubuwan a gida suke, jerin kayan yana cikin ƙwaƙwalwar injin tun da safe, kuma ina tura wa firinta umarnin ESC/POS, yaren da firintar rasit ke ji, kai tsaye har ta yanke takarda da kanta. Kashiyan bai yi dogon bayani ba, ya nuna nawa yace "Oga wannan ya fi bin hannu."

Sauran dalilan da suka ƙarasa min hukunci ba su da armashi amma su ne na gaske. .NET Framework 4.8, wanda manhajar C# ɗin ke gudana a kansa, yana hawa Windows 7 mai SP1, kuma yana zuwa a cikin Windows 10 da 11, wato in an canza injinan gobe ba abin da zai taɓu. Visual Studio Community, inda ake rubuta kod ɗin, kyauta ne ga mai aiki shi kaɗai irina. WinForms tun 2002 yake, duk matsalar da za ka ci karo da ita wani ya riga ka kuma amsar na intanet. Masu C# kuma ana samunsu, har shi yaron ya taɓa yi a makaranta. Wani abin sha'awa, shi Hejlsberg ɗin da ya yi Delphi shi ne ya koma Microsoft a 1996 ya jagoranci C#, shi ya sa in ka saba da ɗaya hannunka ba ya baƙunta a ɗayar.

Yanzu kuskuren da na yi, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Na gama manhaja cikin wata biyu da 'yan kwanaki aka fara aiki lafiya, sati na uku mai sito ya kira yace an sayar da madarar da babu. Katan goma ya rage, kashiya biyu suka buɗe a lokaci ɗaya kowa ya ga goma, ɗaya ya sayar da takwas ɗaya ya sayar da shida, duka rasit suka fita, manhaja kuma ta nuna saura huɗu. Laifina ne ɗari bisa ɗari. Na rubuta kod ɗin ne yadda kowace kwamfuta za ta karanto adadi, ta yi ragi a wurinta, ta mayar da sabon adadi, wanda ya rubuta a ƙarshe ya danne na farko. Wato na sayi magatakarda na kuma ci gaba da ba kowa biro. An ba kwastoma haƙuri aka cika masa washegari, amma ni ban yi barcin kirki ba a daren, don na gane ba madara kaɗai ba ce, lissafin bashi ma haka na rubuta shi.

Sati biyu na yi ina kwashe duk wata doka ta kasuwancin daga cikin C# ina mayar da ita cikin rumbun, a matsayin ajiyayyun umarni da SQL Server ke gudanarwa da kansa. Sayarwa ta zama kira ɗaya, fuska ta tura kwastoma da jerin kaya, sabar ta rage adadi da sharaɗin abin da ke sito ya kai, ta rubuta rasit, ta ƙara bashi in bashi ne, duka a ɗauri ɗaya, ko su shiga gaba ɗaya ko kada ko ɗaya ya shiga. In kaya bai kai ba ta dawo da amsa kashiya ya gani kafin firinta ta motsa. Juya katan zuwa dozin, farashin kowane rukunin kwastoma, iyakar bashin da ba a wucewa sai Alhaji ya sa hannu, duk suka koma can. Kuɗi kuma a nau'in decimal mai ajiye lamba daidai, kada wanda ya yaudare ka ka sa float mai kintace, kobo zai riƙa ɓacewa wajen tara lissafi.

A cikin wannan kwaskwarimar na gano wani abin da ya fi ba ni tsoro. Duk kwamfutocin da babban asusun SQL Server mai suna "sa" suke shiga rumbun, kalmar sirrin tana zaune a fili a fayil ɗin saiti kusa da exe, duk yaron shagon da ya iya buɗe Notepad zai iya gani, in ya san abin da yake yi ya goge bashin abokinsa ba wanda zai sani. Ba wanda ya yi, Alhamdulillah. Na buɗe wani asusu da ba shi da ikon taɓa tebur ko ɗaya, iyakarsa ya kira waɗancan umarnin, sannan duk canjin farashi ko soke rasit yana faɗawa wani tebur da sunan wanda ya yi da lokaci.

Maganar ƙ da ɗ ma ta dawo ta wata ƙofar. Rumbun yana ajiye su lafiya tunda nvarchar na sa, nau'in gurbin da ke ɗaukar Unicode, amma akanta yana rubuta Ɗambatta da ƙugiya, kashiya yana buga Dambatta, sai nema ya ce babu, sai ya buɗe sabon kwastoma. Na ƙara wani gurbi a ɓoye da ke ajiye sunan ba ƙugiya ba babban baƙi, nema a kansa ake yi, abin da ake nunawa kuma na asalin ne. Ita firintar ce dai ba ta da haruffan a cikinta, sai na koma tura layin sunan a matsayin hoto.

Sauran ƙananan abubuwa. Express ba ya zuwa da SQL Server Agent mai gudanar da ayyuka a kan lokaci da kansa, don haka kwafin ajiya da Task Scheduler na Windows nake yi, sau biyu a rana zuwa wani faifai na waje, da dare kuma a tura Google Drive, kuma duk wata sai mun dawo da kwafi ɗaya a wani inji mun ga ya buɗe. Sabar da suwic duka suna kan inbata, suwic ɗin nan shi mutane ke mantawa. Sabuntawa kuma, inda yaron ya fi ni gaskiya, wata na farko da filas nake bin injinan kuma sau ɗaya na manta na sito ya kwana biyu da tsohon bugu, daga baya na koma ClickOnce daga folda a sabar, kowace kwamfuta tana duba sabo in an kunna ta. Kod ɗin gaba ɗaya na sa shi a GitHub, shafin ajiye kod, a asusun yaron, na kuma ba Alhaji kwafi a filas ya sa a sef tare da takardun shago, nace ranka ya daɗe ko ba na nan wannan naka ne, duk wanda ya iya C# zai ɗora daga inda na tsaya.

Wayar Alhaji kuwa ba a manta da ita ba. Da yake komai ya koma cikin rumbun, yaron ya zauna a hutun makaranta ya rubuta shafi da PHP ɗinsa, da direban sqlsrv na Microsoft, yana kiran umarnin da na riga na rubuta, cinikin yau, bashin da ke waje, kayan da suka kusa ƙarewa, kallo kawai ba canji. Kwana tara ya ɗauka, bai sake rubuta lissafi ko ɗaya ba, kuma adadin da Alhaji ke gani a waya shi ne dai wanda akanta ke gani. Da na bar dokokin a cikin C# da sai ya kwafe su ɗaya bayan ɗaya, ranar da aka canza farashin 'yan mota a wuri ɗaya aka manta ɗayan kuma rigima ta tashi. Ya so a buɗe ƙofar 1433 a rauta don a shigo daga waje, nace a'a, duk ƙofar SQL Server da ka buɗe wa intanet cikin awoyi za ka ga ana ta gwada kalmar sirri daga ko'ina a duniya, muka bi ta VPN, keɓantacciyar hanya mai kulle ta cikin intanet.

Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice tiransifa ta riƙa maƙalewa, shafin wayar Alhaji ya yi ta wahala, amma kanta ba ta tsaya ba ko minti ɗaya, matsalarsu ranar ta jiran alat ce kawai.

Yanzu Alhaji ya kama shago na biyu a wata unguwar kuma yana so sito ya zama ɗaya, a nan ne zaɓina ya fara nuna iyakarsa. Mun gwada manhajar WinForms daga can ta VPN a kan layin waya, fom ɗin da yake buɗewa nan take a cikin shago sai ya ɗauki daƙiƙa biyar shida, don yana zuwa sabar ya dawo sau da yawa kafin ya cika, a kan wayar netwok ta cikin shago ba ka jin wannan amma a netwok ɗin salula kowace tafiya da jinkirinta, in layi ya yanke kuma sai kashiya ya tsaya. Ga Windows 10 ɗin da sabar ke kai ita ma Microsoft sun rufe tallafinta a 14 ga Oktoba 2025, dole a sake inji. Abin da muka tsayar shi ne babban shago ya ci gaba da abin da yake kai, sabon kuma tunda injinansa sababbi ne yaron zai yi masa fuska ta burauza a kan umarnin nan dai na rumbun, ni ina duba masa ɓangaren SQL. Ya riga ya kama F5 ta daina loda shafi, neman kaya ma ya yi sauri, firintar ce har yanzu take fitar da rasit ɗaya a maimakon biyu, ranar Asabar za mu koma mu zauna a kanta tare da kashiyan da za a tura can.